Shin Fitar Cuta Ita Ce Dawowar Lafiya?

Akwai wata mas'ala da takan taso tsakanin masu kwamfuta da masu gyaranta, wadda a zahiri ba ta wuce gardamar kuɗin aiki ba, amma idan mutum ya zauna ya yi mata duban tsanaki sai ya tarar jijiyarta ta kai har cikin babin tsarki da babin tuba da babin ijara, watau wuraren da malamanmu na fiƙihu suka daɗe suna ƙure tunaninsu. Surar mas'alar ita ce, mutum ya kai na'urarsa wurin mai gyara domin bairos ya shige ta, mai gyara ya sa manhajar da ke farautar irin waɗannan cututtuka, ta bincike na'urar ciki da bai, ta kama abin da ta kama, ta ba da shaida a rubuce cewa babu sauran cuta; mai na'ura ya biya ya koma gida ya kunna, sai ya ga waɗansu abubuwan da a dā suke tashi da kansu tare da tashin na'urar, kamar manhajar sauti, da mai kula da firinta, da mai adana masa kwafin takardunsa, har ma da ita kanta manhajar da ke tsare ta daga cuta, duk sun yi tsit, ko kuwa wani ɗan akwati ya riƙa fitowa a kan allo kullum safiya yana cewa an nemi fayil kaza ba a same shi ba. Ya koma ya ce, "Malam, ba ka gyara ba." Mai gyara ya ce, "Alhaji, bairos ka kawo mini, na kuwa cire shi, ga shaida." To, wane ne mai gaskiya a tsakaninsu?

Ni dai abin da na tafi a kai shi ne, kowannensu ya faɗi gaskiya game da abin da ya gani, amma hakki yana wajen mai na'ura, domin kawar da cuta aiki ne guda, mayar da lafiya kuwa wani aiki ne dabam, kuma na farkon ba ya haifar da na biyun da kansa. Sai dai tun da yake masana usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa, ya wajaba mu fara duba yadda na'urar take tashi, kafin mu ce komi game da dalilin da ya hana ta tashi.

Ita kwamfuta ba ta da sabo, ba ta kuma tuna abin da ta yi jiya don ta maimaita shi yau. Duk abin da ka ga ya tashi da kansa idan an kunna ta, to, rubuta sunansa aka yi a wani wuri aka umurce ta da ta kira shi. A cikin Windows, wanda shi ne ya fi yawa a ofisoshinmu da shagunan buga takardu, waɗannan wurare suna da dama. Akwai wani babban kundi da ake kira rajista, wanda a cikinsa akwai shafi mai suna Run, ɗaya na duk wanda ya hau na'urar, ɗaya kuma na mutum guda. Akwai folda mai suna Startup wadda duk abin da aka jefa cikinta zai tashi. Akwai jadawalin ayyuka masu lokaci. Akwai kuma hidimomin da ke aiki a ɓoye tun kafin mai na'ura ya rubuta kalmar sirrinsa. Kowane layi a waɗannan wurare abu biyu ne rak, suna da adireshi, watau a kira wane, ana samunsa a wuri kaza. Idan adireshin daidai ne sai abin ya tashi, idan kuwa an goge layin, ko an karkatar da adireshin, ko an ɗauke abin da ke zaune a adireshin, to, shiru za ka ji, ko ka ga akwatin ƙorafi.

Shi kuwa bairos, babbar bukatarsa bayan ya shiga ita ce ya dawwama, kada kashe na'ura ya zama ajalinsa, saboda haka waɗannan wurare su ne farkon inda yake nufa. Mafi sauƙin sharri shi ne wanda ya ƙara layinsa a cikin jerin ya bar na mutane yadda suke. Wanda ya fi shi mugunta shi ne wanda ya kutsa ya tsaya a tsakani, ya mai da kansa hanyar da dole a bi kafin a kai ga abin kirki, har ya zamana ranar da aka fitar da shi hanyar ma ta yanke. A nan ne mas'alarmu take da nauyi, kuma tarihin wannan fanni ya adana mana misalai biyu da suka cancanci a tsaya a kansu.

A watan Yuli na shekarar 2001, wata tsutsa mai suna SirCam ta bazu a duniya ta hanyar wasiƙun imel. Dabararta ita ce, akwai wani layi guda a rajista wanda yake koya wa Windows yadda ake buɗe duk wata manhaja mai ƙarshen suna exe, kuma a asali abin da layin yake cewa bai wuce a buɗe abin da aka danna ba. Sai tsutsar ta ɓoye jikinta a cikin kwandon shara na na'urar da sunan SirC32.exe, ta sake rubuta layin ya koma yana cewa a fara kiran SirC32, shi ne zai buɗe abin da aka danna. Muddin tana nan, komi yana tafiya daidai a idon mai na'ura, domin tana isar da saƙo da aminci don kada a gane ta. Amma waɗanda suka gano fayil ɗin suka goge shi, ba tare da sun mai da layin yadda yake ba, sai suka wayi gari babu wata manhaja ko guda da take buɗuwa, har da ita manhajar gyaran rajistar, tun da ita ma exe ce, ita ma sai ta bi ta wurin wanda ba ya nan. Mafitar da masana suka koya wa mutane a lokacin ita ce a sake wa manhajar gyaran suna, daga regedit.exe zuwa regedit.com, domin ta kauce wa karyayyar hanyar, a shiga a mai da layin bisa asalinsa. Ka duba wannan hali da kyau: ranar da na'urar take da cuta tana aiki, ranar da aka raba ta da cutar ta tsaya cik, alhali kuwa babu mai hankalin da zai ce barin cutar ya fi.

Misali na biyu ya faru a 2004, a zamanin Windows XP. Akwai wani layi mai suna Userinit, wanda aikinsa shi ne, da zarar mutum ya rubuta kalmar sirrinsa, ya kira fayil ɗin da zai shimfiɗa masa teburin aikinsa. Wata manhajar talla mai naci, BlazeFind, ta sauya layin ya koma yana kiran nata fayil mai suna wsaupdater.exe. Da manhajar tsabtacewa ta cire wannan fayil ta bar layin, sai mutane suka shiga wani hali mai ban tausayi: ka rubuta kalmar sirri, na'ura ta karɓa, ta nuna kamar za ta buɗe, nan take kuma ta fitar da kai ta mai da kai bakin ƙofa, haka za ka yi ta yi har ka gaji. Maganin da aka samu shi ne a tayar da na'urar da faifan Windows, a kwafi fayil na gaskiya, userinit.exe, a laƙaba wa kwafin sunan na ƙaryar, domin layin ya kira ya sami mai amsawa. Idan an samu an shiga, sa'an nan a gyara layin a goge kwafin. Duk wanda ya tsaya a rabin wannan aiki, ya shiga ya ga komi ya dawo ya manta da layin, ya bar na'urarsa tana kiran sunan maƙiyinta kullum, ko da yake mai amsawar na kirki ne.

Akwai kuma nau'i na uku, wanda masu shagunan buga takardu da fulash ke yawo a tsakaninsu suka fi sani, watau irin su Sality da ya bayyana a 2003 da Virut da ya biyo baya, waɗanda suke shiga cikin jikin manhajojin kirki su cakuɗa da su, har mai farauta ya rasa yadda zai raba su sai ya killace mai cutar gaba ɗaya, layinta na tashi ya saura yana nuna kango. Conficker kuwa, da ya ɓulla a Nuwamba 2008, hidimar sabunta Windows da waɗansu hidimomin tsaro yake kashewa, kuma cire shi ba ya kunna su. Manomi ya san irin wannan a gonar dawa, domin ƙuduji tun yana ƙarƙashin ƙasa yake manne wa saiwa yana tsotsa, kafin furensa ya fito a gan shi ya riga ya yi ɓarnarsa, kuma tuge shi wajibi ne, amma tugewar ba ta mayar wa dawar abin da aka sha; sai an bi ta da taki da kulawa, wata ma ba za ta yi zangarniya ba a wannan damina.

To, mene ne asalin wannan bambanci, kuma me ya sa manhajar farauta, duk da ƙwarewarta, take iya aiki na farko ta gaza na biyu? A ganina malaman fiƙihu sun riga sun sa yatsa a kan sirrin tun da daɗewa, lokacin da suka raba tsarki gida biyu, tsarkin dauɗa da tsarkin kari. Suka ce gusar da najasa ba ya bukatar niyya, domin yana cikin babin bari. Da ruwan sama zai sauka a kan tufa mai najasa ya wanke ta, mai tufar yana barci bai sani ba, ta tsarkaka. Amma alwala, a wajen jumhuru, ba ta inganta sai da niyya, domin tana cikin babin aikatawa, kuma aikatawa tana bukatar mai nufi, wanda ya san abin da yake so ya tsayar. Haka nan manhajar farauta aikinta kore ne, tana ɗauke da siffofin miyagu, duk wanda ya dace da siffa ta kama shi, ba ta bukatar sanin kai wane ne ko me kake yi da na'urarka. Mayar da tsari kuwa tabbatarwa ne, kuma ba ya yiwuwa sai ga wanda ya san yadda na'urar take kafin cuta, da abin da mai ita yake bukata, da abin da ya cancanci ya tashi da wanda bai cancanta ba. Wannan ilimi ba ya cikin kundin siffofin miyagu, yana wurin mai na'ura da mai gyara idan sun zauna sun yi magana. Hasali ma korewar da babu ilimin asali a tare da ita takan zama ɓarna, kamar yadda ya faru ranar 21 ga Afrilu 2010, sa'ad da wani sabon kundin siffofi na kamfanin McAfee ya ɗauki svchost.exe, wanda yake ginshiƙi ne a jikin Windows XP, a matsayin cuta, na'urori masu ɗimbin yawa suka riƙa mutuwa suna tashi, har waɗansu asibitoci a jihar Rhode Island ta Amurka suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba.

Inda wannan magana ta fi shafar zuciyata shi ne babin tuba, domin na ga mutane da yawa, musamman matasa masu kyakkyawar niyya, suna ɗaukar tuba a matsayin bari kawai. Mutum ya daina shaye-shaye, ko ya rabu da caca, ko ya fita daga wata muguwar ƙungiya, ya yi tsammanin washegari zai farka ya ga asubarsa ta dawo, karatunsa ya dawo, zumuncinsa da 'yan'uwa ya dawo, sai ya tarar babu ko ɗaya, har ma ya ji rayuwarsa ta fi dā kufcewa, domin abin da ya bari ya riga ya tsaya a tsakaninsa da komi: shi ne yake tashe shi, shi ne yake haɗa shi da abokai, shi ne yake cika masa sa'o'in yamma. Daga nan Shaiɗan yake samun ƙofa, ya raya masa cewa ai lokacin da kake cikin abin nan ka fi natsuwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, da ya zo rubu'i na huɗu na Ihya'u, rubu'in abubuwa masu tserarwa, da littafin tuba ya buɗe shi, kuma ya bayyana cewa aikin da nadama take haifarwa yana da fuska uku, ɗaya tana duban yanzu, ita ce barin saɓon, ɗaya tana duban gaba, ita ce azamar ƙin komawa, ɗaya kuma tana duban baya, ita ce riskar abin da ya kuɓuce a gyara shi idan mai gyaruwa ne. Wannan ta ukun ita ce mutane suke tsallakewa. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ma, a cikin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa mayar da kayan zalunci ga masu su a cikin tuba, ya kuma umurci mai tuba da ya aikata farillan da ya tozarta.

Yaron da ya karanta Ahalari ya san yadda malamai suka ɗauki wannan riska da tsanani da kuma rahama a lokaci guda. Sallolin da suke kan wuyan mutum sai ya rama su, kowace bisa siffar da ta kuɓuce masa, ta gida a rama ta ta gida, ta tafiya a rama ta ta tafiya. Wanda yake rama sallar kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Wanda kuwa ya manta adadin abin da ake binsa sai ya yi ta ramawa har kokwanto ya gushe. Gaskiya ne akwai saɓani, domin Ibnu Hazmi da Ibnu Taimiyya sun tafi a kan cewa wanda ya bar salla da gangan ba shi da ramuwa, sai dai ya tuba ya yawaita nafila da ayyukan alheri, jumhuru kuwa, har da mazhabobin nan huɗu, suna kan wajabcin ramuwa. Amma abin lura shi ne, ko waɗanda suka kore ramuwar ba su ce bari kaɗai ya wadatar ba. Sun saɓa ne a kan abin da za a cike gurbin da shi, sun haɗu a kan cewa gurbi ba ya zama wofi.

Sai dai kada a fahimci cewa mayar da lafiya shi ne a tayar da duk abin da aka tarar a kwance, domin a nan ma akwai tarko, kuma a nan ne ake gane gwani. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan buɗe manhajar Autoruns, wadda Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka rubuta, kamfanin Microsoft kuma ya saye ta tare da sauran kayansu a 2006, sai ta jero masa duk abin da aka rubuta zai tashi, daga kowane lungu, ta shafa rawaya a kan layukan da adireshinsu yake nuna inda babu kowa. A kan kowane layi mai rawaya sai ya tsaya ya yi tambaya guda: wanda ya ɓata ɗin nan, ɗan gida ne ko baƙo? In manhajar firinta ce da aka killace domin cuta ta cakuɗa da ita, ba a fito da ita daga killace, a'a, sai a cire ragowarta a sake ɗora sabuwa daga wurin masu ita, ita da kanta za ta rubuta layinta. In layin yana nan amma an kashe shi, sai a kunna shi a shafin tashi na Task Manager, wanda aka sa a wurin tun Windows 8 a 2012. In fayilolin Windows kansu ne suka taɓu, akwai umurnin sfc /scannow da ke gwada su da na asali ya musanya gurɓatattu. In kuwa layin na cutar ne, mai wani baƙon suna da ke nuna wata foldar wucin gadi, to, maganinsa gogewa, bayan an fara cire masa alama an sake kunna na'ura an tabbata babu abin da ya rasu, domin garin neman gira kada a rasa ido. Babban abin baƙin ciki shi ne mutumin da akwatin ƙorafi ya dame shi, ya kwafi sunan fayil ɗin da aka ce ba a samu ba, ya shiga intanet yana nemansa domin ya sauke ya huta da ƙorafin, bai san cewa abin da na'urar take kira shi ne abin da aka biya kuɗi aka fitar ba. Haka zuciyar mai tuba take kira a lokutan da ta saba, kuma ba kowane kiranta ne na abin da ya cancanci dawowa ba. Wani kiran farilla ce da aka tozarta, a amsa shi da gaggawa, wani kuwa saura ne na tsohon umurni, a bar shi ya yi ta yi har ya gaji, a sa wani abu na alheri a sa'ar da yake zuwa.

Saura wata shubuha mai ƙarfi, wadda ba zan ɓoye ta ba domin masu ita masana ne. Suna cewa duk wannan wahala ce a banza, na'urar da cuta ta taɓa mallaka ba a sake amince mata, a kwashe takardu a yi mata fomat a sake zuba komi. Suna da hujja. Fred Cohen, wanda ya yi gwaje-gwajensa a jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1983, ya tabbatar da hujjar lissafi cewa ba za a taɓa samun manhajar da za ta gane kowane bairos ba tare da kuskure ba. Jesper Johansson kuma, yana ma'aikacin tsaro a Microsoft, ya rubuta a 2004 cewa na'urar da aka ƙwace ba ta da wata tsabtacewa tabbatacciya sai rushewa da sake gini, tun da kayan binciken ma a kan na'urar suke gudana, mai yiwuwa ƙarya ake nuna musu. Wannan ya yi kama da matsayin Malikiyya a kan wanda ya tabbata ya yi alwala ya yi kokwanton kari, inda suka ce ya sake, saɓanin jumhuru da suka ce ya yi gini a kan yaƙininsa. Dalilinsu kuwa shi ne salla tana kan wuya da yaƙini, ba a sauke ta da tsarkin da ake shakka. Amma su Malikiyyan da kansu sun togace mustankihi, wanda kokwanto yake aurarsa kullum, suka ce ya yi watsi da shi, domin shari'a ba ta zo don ta ƙuntata ba. Ni a nan nake tsayawa: hukunci yana bin girman abin da ke cikin haɗari. Na'urar da ake hulɗar banki da ita, ko take ɗauke da sirrin marasa lafiya ko jarrabawar ɗalibai, ko wadda irin su Virut suka ratsa ta ko'ina, a rushe a sake, a kuma sauya kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta. Wadda kuwa wata manhajar talla ce ta shige ta aka cire, rinjayen zato ya wadatar, kuma mai yi mata fomat duk sa'ad da ta yi tari ya shiga waswasi, yana kuma jawo wa mai ita hasarar abubuwan da ba a adana ba.

A nan ne kuma ƙiyasin yake tsayawa, wajibi ne a faɗi haka, domin ƙiyasi tare da bambanci ɓatacce ne. Na'ura ba mukallafa ba ce, ba ta da laifi a cutar da ta same ta, ba ta da lada a warkewarta, kuma tana da faifan asali da ake komawa gare shi a shafe duk abin da ya gabata cikin sa'a ɗaya ko biyu. Ɗan Adam ba shi da wannan. Allah Maɗaukaki, cikin falalarsa, yana shafe zunubin wanda ya tuba tuba na gaskiya, amma shafewar a littafin ayyuka take. Ɗabi'ar da aka gina cikin shekaru, da bashin da aka ci, da zuciyar mahaifiya da aka ƙona, da yaran da suka girma ba su ga ubansu a sahun asuba ba, waɗannan suna nan a duniya suna jiran a bi su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka hanyar da take zaɓi ce ga mai kwamfuta, watau bin layi-layi da haƙuri, ita ce kaɗai hanyar da mutum yake da ita game da kansa, kuma masu yi wa sabon tuba wa'azi suna zaluntarsa idan suka yi masa bushara da shafewar suka ɓoye masa aikin da ke gabansa, domin ranar da ya ga abubuwa ba su tashi da kansu ba zai zaci tubarsa ce ba a karɓa ba.

Mu koma ga mutanenmu biyu da muka bari suna jayayya a shago. Fiƙihu ya bambanta ijara da ji'ala: a ijara ana biyan mutum gwargwadon aikin da aka ambata ko lokacin da aka yanka, a ji'ala kuwa ba shi da komi sai bukata ta biya, kuma Risala ta halatta a yi sharaɗi da likita a kan warkewa. Idan an ambata a fili cewa aikin shi ne a sa manhaja ta yi bincike ta cire abin da ta gani, mai gyara ya cancanci ladansa da ya yi haka. Amma galibi ba a ambata komi, mutum yakan ajiye na'ura ne ya ce a duba masa ita, kuma abin da ba a ambata ba al'ada ce take fassara shi. Al'adar mutane kuwa ita ce, wanda ya kai abu gyara yana nufin ya karɓe shi yana aiki. Bisa wannan, abin da nake gani, fatawa kuwa tana ga ma'abotanta, shi ne aikin bai kammala ba sai mai gyara ya kashe na'urar ya sake kunna ta a gaban mai ita, ya tambaye shi abin da ya saba gani yana tashi, ya gwada sauti da firinta da intanet, ya tabbata manhajar tsaro da hidimar sabuntawa suna raye, ya kuma gaya masa a fili abin da ya killace da abin da ya kasa mayarwa. Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin abin da suka kaɗaita da shi bayan idon mai shi, domin maslahar jama'a, kuma wannan yana ƙara wa mai gyara dalilin da zai sa ya adana kwafin rajista da na takardun mutane kafin ya taɓa komi. Shi ma mai na'ura akwai nasa: ya faɗi abin da yake amfani da shi tun farko, ya kawo faifai ko lambobin manhajojin da ya saya, ya kuma yarda cewa bin layukan nan aiki ne mai cin sa'o'i, wanda kuɗinsa ya fi na danna maɓalli guda a jira manhaja ta gama bincike.